Haruffa Masu Ƙugiya a Rajistar Sunan Shafi

A ce wani ɗan kasuwa a Gabi, cikin yankin Madarunfa, ya buɗe shafin intanet don sayar da wake ga abokan cinikinsa na Maraɗi da Jibiya. Kafin mai saye ya tura kuɗi, akwai bayanai uku da ya kamata ya duba. Rajistar WHOIS tana nuna kamfanin da ya yi wa sunan rajista, da ranar yi, da ranar ƙarewa; sunan da aka yi wa rajista makon jiya abin tsayawa ne a kansa. Bayanin A shi ne lambar kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, MX kuwa yana nuna inda wasiƙu ke sauka.

Inda manazarcin harshe ke da ta cewa shi ne rubutun sunan kansa. Tsarin DNS, wanda aka kafa a 1983, ya taso ne da haruffan a zuwa z, da lambobi, da karan ɗori. Babu ɓ, ɗ, ƙ, balle ƴ ta rubutun Nijar. Sai a 2003 aka samar da hanyar juya irin waɗannan haruffa zuwa lambar sirri mai farawa da xn--, kuma ba kowace rajista ke karɓarta ba. Don haka ƙasa takan koma kasa, wato macijiya.

Ga kuma rubutun Faransanci: Madarounfa da Madarunfa gari ɗaya ne a bakin mutane, amma a rajista sunaye biyu ne, kuma mayaudari na iya sayen wanda aka bari, ko ya ɗauki sunan a .ng alhali na ainihi yana .ne.