Hassada a Makarantar Kiɗa

Ya kai ɗalibi mai koyon kiɗa a kwaleji, ka yi tsaro a ranar da malami ya zaɓi wani domin ya yi waƙa a gaban jama'a, kai kuwa aka bar ka a baya. Waƙar mata ce ta ɓata zuciyar sarki Saul, gama sun yabi Dauda fiye da shi. Kashegari kuwa ya jefi saurayin da mashi, alhali yana kaɗa masa molo.

Ka karanta 1 Tarihi sura 25. Mawaƙa 288 aka keɓe domin gidan Ubangiji, aka raba su kashi 24. Dukansu gwanaye ne, amma ƙuri'a aka jefa a kan aikinsu, malami da almajiri daidai.

Hassada takan hana barci. Takan sa ɗalibi ya kwana yana gwaji har muryarsa ta dushe, ya daina cin abinci tare da 'yan'uwa. Kadan ka ga wannan a ranka, kada ka ɓoye. Ka faɗa wa wani dattijon ikilisiya, ka ambaci sunan abokin nan cikin addu'arka, ranar waƙarsa kuma ka je ka saurara.