Darasin Kasuwar Hannayen Jari: Abin Da Sabon Shiga Zai Sani Kafin Ya Zuba Kuɗinsa

Tun daga watan Maris na 2024, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya umarci bankunan ƙasar nan da su ƙara yawan jarinsu, manyan bankuna suka riƙa fitowa suna tallata hannayen jarinsu ga jama'a. Wannan ya sake jefa maganar hannun jari a bakunan 'yan kasuwa, kamar yadda aka gani a 2005. Kafin mutum ya amsa irin wannan kira, wajibi ne ya fahimci abin da zai saya, domin yawancin asarar da sababbin shiga kan tafka daga rashin wannan fahimta take tasowa.

Mene ne hannun jari?

Hannun jari wani yanki ne na mallakar kamfani. Idan kamfani ya kasa jarinsa gida miliyan ɗaya, kai kuma ka sayi gida dubu, to ka mallaki kashi ɗaya cikin dubu na wannan kamfani. Matsayinka daidai yake da na mutumin da ya haɗa jari da abokinsa suka sayo tirelar albasa daga Aliero zuwa kasuwar Mile 12 a Legas. In an ci riba ku raba, in an faɗi kowa ya ɗauki nasa rabon na faɗuwa. Wanda ya ajiye kuɗi a banki yana bin bankin bashi, kuma ran da ya so zai karɓi abinsa. Mai hannun jari kuwa ba ya bin kamfani bashin ko kwabo. Idan ma kamfanin ya rushe, sai an sallami dukkan masu binsa bashi kafin a waiwayi masu hannun jari, in har wani abu ya rage. Sauƙin da doka ta yi masa shi ne, asararsa ba za ta wuce abin da ya zuba ba.

Kasuwar da ake cinikin waɗannan hannaye an kafa ta ne a Legas a 1960, ta fara aiki a 1961. A 1977 aka mayar da ita ta ƙasa baki ɗaya, aka buɗe mata rassa a Kaduna a 1978, Fatakwal a 1980, da Kano a 1989. Tun 2021 ake kiranta NGX. Dokokin mayar da kamfanonin baƙi hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977, da kuma shirin sayar da kamfanonin gwamnati da kwamitin marigayi Dokta Hamza Zayyad ya gudanar daga 1988, su ne suka fara sanya talakawan Nijeriya cikin masu hannun jari. Hukumar da ke sa ido a kan kasuwar ita ce SEC, wadda aka kafa a 1979.

Hanyoyi biyu na samun amfani

Hanya ta farko ita ce tashin farashi, wato ka saya a Naira 50 ka sayar a Naira 70. Ta biyu ita ce ribar hannun jari, wato kason da kamfani ke rabawa masu shi daga cikin ribar da ya ci. Hukumar daraktoci ce ke ba da shawarar adadin da za a biya a kan kowane hannu, sa'annan babban taron shekara-shekara ya amince. Masu hannun jari suna da ikon rage adadin, amma ba su da ikon ƙara shi. Wasu kamfanonin kan biya sau biyu, ta tsakiyar shekara da ta ƙarshenta. Akan kuma tsayar da ranar da za a rufe rajista, kuma wanda sunansa ke cikin rajistar kafin a rufe shi ne ke da ribar, ko da jiya ya saya. Kafin kuɗin su iso gare ka, ana cire harajin kashi 10 cikin 100.

Babu dokar da ta tilasta wa kamfani raba riba kowace shekara. Kamfanin simintin Dangote ya biya Naira 20 kan kowane hannu a ribar 2022, ya biya Naira 30 a ta 2023 da ta 2024. A cikin waɗannan shekaru biyu na baya kuwa, kamfanonin MTN Nigeria da Nestle Nigeria asara suka tafka, saboda faɗuwar darajar Naira tun daga watan Yuni na 2023 ta kumbura basussukan da ake bin su da kuɗin waje, har ba su raba ribar 2024 ba. Dukkansu manyan kamfanoni ne da jama'a ke sayen kayansu kullum. Girman suna, ashe, ba ya lamunce wa mai jari riba.

Yadda ake auna riba

Sabon shiga yakan ruɗu da yawan Nairar da aka ambata. Abin dubawa shi ne ribar idan an gwada ta da farashin da aka sayi hannun. A ɗauka ɗan kasuwa yana da Naira 50,000. Kamfani na farko hannunsa Naira 50 ne, yana biyan ribar Naira 4. Zai sami hannaye 1,000, ribarsa Naira 4,000, bayan haraji Naira 3,600. Kamfani na biyu hannunsa Naira 400 ne, yana biyan Naira 20. Zai sami hannaye 125 kacal, ribarsa Naira 2,500, bayan haraji Naira 2,250. Na farko ya ba da kashi 8 cikin 100 na jarin, na biyu kashi 5, ko da yake Naira 20 ta fi Naira 4 daɗin ji a kunne.

Lissafin bai ƙare a nan ba. Idan farashin hannun kamfanin farko ya sauko daga Naira 50 zuwa 35, jarin ya ragu da Naira 15,000, abin da ya zarce ribar shekara huɗu. Sai kuma a dubi hauhawar farashin kaya, wadda ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba na 2024. A irin wannan shekara, wanda jarinsa ya ƙaru da kashi 20 cikin 100, in ya je kasuwa zai tarar abin da kuɗinsa ke iya saya ya ragu.

Darasin 2008

A 2004 Babban Banki, ƙarƙashin Farfesa Charles Soludo, ya ɗaga jarin bankuna zuwa Naira miliyan dubu 25, bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25 a ƙarshen 2005. Farashin hannayen bankuna ya yi ta hawa, mutane suka riƙa cin bashi daga bankunan nan suna sayen hannayen jari. Ma'aunin da ke nuna tafiyar farashin kasuwar baki ɗaya, wanda ya fara da maki 100 a 1984, ya haura 66,000 a watan Maris na 2008. Bayan shekara guda ya rikito zuwa kimanin 20,000. Waɗanda suka sayi hannaye da bashi suka wayi gari jarin ya narke, bashin kuwa yana nan da ruwansa. A watan Agusta na 2009 sabon gwamnan Babban Banki, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar. A 2011 aka karɓe Afribank da Spring Bank da Bank PHB. Masu ajiya a cikinsu ba su rasa kuɗinsu ba, masu hannun jari kuwa suka tashi a tutar babu.

Ma'aunin bai sake kai matsayinsa na 2008 ba sai a watan Agusta na 2023, bayan shekara goma sha biyar, kafin ya haura 100,000 a Janairun 2024. Saboda haka ba a shiga wannan kasuwa da kuɗin bashi, ko da jarin shago, ko da kuɗin da za a buƙata nan da 'yan watanni. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Yadda ake saye

Mutum ba ya shiga kasuwar da kansa, sai ta hannun dillalin da ke da rajista da SEC, kuma ana iya duba sunayensu a shafin hukumar na intanet. Dillalin zai nemi lambar BVN, shaidar ɗan ƙasa, hoto da shaidar adireshi, sa'annan ya buɗe maka asusu a kamfanin CSCS, wanda tun 1997 yake ajiye bayanan mallakar hannaye a kwamfuta a maimakon takardun shaida na da. A yau dillalai da yawa suna da manhajar waya. Akwai la'adar dillali da kuɗaɗen hukuma a kan kowane saye da sayarwa, don haka mai yawan shiga da fita ribarsa a la'ada take ƙarewa.

Ka tabbata sunanka iri ɗaya ne a banki da a wurin dillali, ka kuma cike takardar da ke ba da izinin zuba ribarka kai tsaye cikin asusunka na banki. Rashin yin haka ya sa ribar da masu ita ba su karɓa ba ta taru ta kai dubban miliyoyin Naira. Iyalan da iyayensu suka sayi hannaye a zamanin Hamza Zayyad, ya kamata su binciki tsofaffin takardu su tuntuɓi rajistaran kamfanin, domin wannan dukiya tana cikin gado.

Asusun haɗaka

Wanda harkokinsa ba za su bar shi ya bibiyi rahotannin kamfanoni ba, yana iya shiga asusun haɗaka. A nan mutane da yawa ke tara kuɗi, ƙwararren manaja ya juya su a kamfanoni daban-daban, dukiyar kuma tana ajiye a hannun wani banki na dabam ƙarƙashin kulawar amintattu. Amfaninsa shi ne faɗuwar kamfani guda ba za ta cinye jarin duka ba, kuma wasu asusun ana shigarsu da 'yan dubban Naira. Akwai masu zuba kuɗi a hannayen jari zalla, waɗanda darajarsu ke hawa da sauka tare da kasuwa. Akwai masu sayen takardun bashin gwamnati na gajeren wa'adi, waɗanda haɗarinsu ya fi ƙanƙanta. Akwai kuma masu gauraya biyun. Manaja yana cire ladansa kowace shekara, an ci riba ko ba a ci ba, don haka a tambayi adadinsa tun da fari.

Ga masu gudun kuɗin ruwa, tun 2012 kasuwar take da ma'aunin Lotus na Musulunci, wanda ke tace kamfanoni, yana fitar da masu harkar giya, caca da bankunan ruwa. Akwai asusun haɗaka da ke bin wannan tsari. Gwamnatin Tarayya kuma ta fara fitar da takardun Sukuk a 2017 da Naira miliyan dubu 100 domin gina hanyoyi, inda ake biyan mai jari kuɗin haya sau biyu a shekara.

Hattara da 'yan damfara

Tun da hannun jari tarayya ce a riba da asara, duk wanda ya yi maka alkawarin tsayayyar riba mai yawa kowane wata, ba kasuwanci yake yi ba, kuɗin na baya yake biyan na gaba da su. Haka MMM ta yi har ta durƙushe a watan Disamba na 2016, haka CBEX ta tafi da kuɗin jama'a a watan Afrilu na 2025. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗauri da tara mai tsanani ga masu irin wannan sana'a, amma hukunci ba ya dawo da kuɗin da suka salwanta. Takardar rajistar kamfani kaɗai ba izinin karɓar jarin jama'a ba ce, sai da rajistar SEC. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Mai son farawa ya ware abin da zai iya haƙura da shi na shekara biyar, ya raba shi tsakanin kamfanonin da sana'o'insu suka bambanta, ko ya shiga asusun haɗaka. Kafin ya sayi hannun kowane kamfani, ya nemi dillalinsa ya nuna masa ribar da kamfanin ya ci da wadda ya raba a shekaru biyar da suka wuce, da kuma yawan bashin da ke kansa, musamman na kuɗin waje. Waɗannan su ne tambayoyin da kowane ɗan kasuwa zai yi wa mutumin da ya zo neman su haɗa jari, kuma su ne suka dace a yi wa kamfani.