Ceto Tsofaffin Waƙoƙin Gidanku Kafin Gara Ta Riga Ki

A shekarar 2009 wasu ma'aurata da ke gyaran wani kangon gida a jihar Ilinoi ta Amurka suka tarar da tarin takardun kiɗan Florence Price, baƙar fata mai tsara kiɗan fiyano, wadda aka kusa mantawa da ita bayan rasuwarta a 1953. Yau ana buga kiɗanta a manyan zaurukan duniya.

Ƙanwata, mu ma muna da irin wannan dukiya a Taloka, Goronyo, Wurno da Rabah, sai dai da bambanci guda. Takardar kiɗan Turai tana ɗauke da sautin kansa, duk wanda ya iya karanta alamominta zai buga shi ko bai taɓa ji ba. Takardar ajami kuwa baitoci kaɗai take riƙewa, karin rerawa yana bakin tsofaffi. Don haka aikinki biyu ne: ki samo takarda, ki samo murya.

1. Fara daga ɗakin kakarki. Gobe da safe, bayan gaisuwa, ki tambaye ta: "Kaka, wace waƙa Innarku take rera muku lokacin karatu?" Ke mace ce, kina shiga har ƙuryar ɗakin da ɗan bincike namiji ba ya kaiwa. Ki tuna ta hannun jajjai da 'yan taru, wato malamai da ɗalibanta mata, Nana Asma'u ta riƙa aika waƙoƙinta ƙauyuka, mata suna haddacewa suna koya wa mata.

2. Nemi sunayen da ba a cika ambata ba. Kowa ya san Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Nana Asma'u, da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello wanda ya rasu a Wurno a 1837. Ki tambayi waƙoƙin Isan Kware Autan Shehu, da na Maryam 'yar Shehu wadda ta riƙe 'yan taru bayan rasuwar Asma'u a 1864. Sannan ki tambayi na limamin garinku na da, da na malamar unguwa da ba ta shiga kowane littafi ba.

3. Nemi izini kafin ki taɓa gafaka. Ki je gidan malam tare da babba, da ɗan goronki. Ki ce: "Allah ya gafarta Malam, hoto kawai zan ɗauka, a gabanka." Kada ki roƙi aro. Takardar da ta bar gida da wuya ta dawo, masu ita kuma sun san haka.

4. Kada ki hargitsa jerin shafuka. Waɗannan takardu warwara ne, ba a ɗinke suke ba. Marubutan da sukan sa kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gabace shi. Da ita za ki gane ko wani shafi ya ɓata.

5. Ɗauki hoto a inuwa. Wanke hannu, ki bari ya bushe sarai. Shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma, ki kashe fitilar waya, ki riƙe ta daidai saman shafin. Ɗauki gaba da baya, har da rubutun gefe da tadarishin da aka naɗe su a ciki. Babu salatif, babu gam, babu liƙe takarda da leda mai zafi.

6. Karanta ƙarshen waƙa da kyau. A nan mawallafi yakan ambaci sunansa, wani lokaci da shekara a ramzi, wato haruffan da ke tsaye a madadin lambobi. Mai kwafe waƙar ma yakan sa nasa suna, kada ki ɗauke shi mai ita. In tahamisi ce, mutum biyu ne: mai asali da wanda ya ƙara ɗango uku a kan kowane baiti.

7. Naɗi muryar a ranar. Wannan shi ne matakin da ba ya jira. Rufe layin wayarki don kada kira ya katse, ki kori kaji da yara daga kusa. Fara da faɗin kwanan wata, gari, sunan mai rerawa da wanda ya koya mata. Ki bar ta ta kai ƙarshe ko ta yi tuntuɓe. In wata tsohuwa tana rera waƙar da wani kari daban, naɗi nata ma.

8. Waiwayi kwandon kaset. Waƙoƙin Narambaɗa, Ɗanƙwairo da Jankiɗi sun yaɗu. Wanda ke cikin haɗari shi ne makaɗin noma ko na dambe da aka naɗa sau ɗaya a wani biki. Kada ki sa tsohon kaset a rikodar da ke cin zare. Kai wa mai juyar da shi zuwa waya, ki tsaya a yi a gabanki.

9. Ajiye kwafi uku: ɗaya a waya, ɗaya a memori a wani gida daban, ɗaya a intanet. Wanda ya ga ambaliyar 2010 a ƙasar Goronyo ya san dalili. Asalin takardun kuma a naɗe su cikin farin ƙyalle, a sa a akwatin ƙarfe, a ɗaga shi daga ƙasa, nesa da bango.

10. Raba da suna. In masu ita sun yarda, ki tura hoton shafi da muryar tare a WhatsApp ko Facebook, da sunan mawallafi da garin da aka samo ta. In ba a tabbatar da mai ita ba, ki rubuta haka, ki nemi wanda ya sani. Kada ki gyara Sakkwatancin waƙar ya koma Hausar boko ta yau, yin haka yana karya ma'auninta.

11. Kai kwafi inda zai daɗe. A Sakkwato akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, da Sashen Harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A Kaduna akwai Gidan Arewa. Kwafin farko kuwa na gidan da aka ba ki amana ne.

Daren nan ki cika wayarki da caji, ki share mata wuri, ki rubuta sunayen tsofaffi uku mafi shekaru a danginku. Gobe ki fara da babbar cikinsu.