Idan Zuciya Tana Dukan Ƙirji

Jama'a, ku sani zuciyar baligi mai lafiya, in yana zaune a natse, tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, kuma shi kansa ba ya jin ta. Amma wani lokaci sai mutum ya ji tana dukan ƙirjinsa, jijiyar wuya tana harbawa, in ya kwanta har a kunne yake jin bugun.

Ba kullum ne wannan yake zama ciwo ba. Gudu, tsoro, yawan cin goro da shan shayi mai kauri duk suna kawo shi, da an huta ya lafa. Zazzaɓi ma haka, da juna biyu, domin jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabi.

Ga yadda za ka auna. Ɗora manuniya da yatsan tsakiya a wuyan hannu, ta gindin babban yatsa, ka danna kaɗan, ka ƙirga minti guda cur da agogo. Kada ka auna da babban yatsa, shi ma yana da nasa bugun.

Wanda ake gudu shi ne bugun da yake zuwa kana zaune, ya ƙi tafiya. Duba tafin hannunka da cikin fatar idonka, in sun yi fari fat, wataƙila jini ne ya yi ƙaranci. In kana ramewa alhali kana ci, ga gumi, ga rawar hannu, a duba maƙogwaro ko maƙoƙo ne. Yana yiwuwa kuma ƙofar zuciya ce take yoyo. Likita ne zai tantance. Kada ka yanke wa kanka hukuncin hawan jini ka nufi kemis, shi hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama sai an gwada.

Magidanta, a sa ido a kan masu jego. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya bayan haihuwa, suka kuma zargi kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Mai jego da ke haki, ƙafa ta kumbura, ba ta iya kwanciya sai da tarin matashi, ba gajiyar haihuwa ke damunta ba.

In bugun ya haɗu da ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, jiri ko suma, a nemi abin hawa a kai mutum asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.