Darasi: Karanta Waƙe a Lokacin Ƙunci

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, darasin wannan mako a kan karanta waƙe ne a lokacin da zuciya ta ƙuntata, ko don ciwo, ko rashi, ko matsin rayuwa.

Da farko ya kamata mai karatu ya san hukunci. A ƙarshen Suratush Shu'ara'i, daga aya ta 224 zuwa ta 227, Allah Ya zargi mawaƙan da ke faɗin abin da ba su aikatawa, sa'an nan Ya keɓe waɗanda suka yi imani, suka yi aiki nagari, suka yawaita ambatonSa. Don haka malamai suka ce waƙe kamar sauran magana yake, akwai mai kyau, akwai mummuna.

Sahabbai kansu sun nemi sauƙin zuciya da shi. Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa bayan Hijira zazzaɓin Madina ya kama Sayyidina Abubakar da Bilal. In zazzaɓin ya sassauta wa Bilal, sai ya ɗaga murya yana rera baitoci na begen Makka da duwatsunta. Da labari ya kai ga Annabi, sai ya roƙi Allah Ya sa musu son Madina kamar yadda suke son Makka, ko fiye. Haka kuma a Yaƙin Gwalalo, shekara ta 5 bayan Hijira, ana fama da yunwa da sanyi, Annabi yana ɗaukar ƙasa yana maimaita baitocin Abdullahi ɗan Rawaha.

Malaman da suka biyo baya sun bi wannan tafarki. Ibnun Nahawi, mutumin Tauzar ta ƙasar Tunisiya, wanda ya rasu a 513 Hijira (1119), ya tsara ƙasidar Munfarija, wadda ake karantawa don neman yayewar tsanani. A ƙasar Hausa kuwa, Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara marsiya bayan rasuwar ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837.

To, ina asirin yake? Mai baƙin ciki sau da yawa yakan rasa kalmar da zai faɗi abin da ke cinsa, sai ya tarar wani ya riga shi shiga irin halin, har ya bayyana shi. Ma'aunin baiti kuma yana sa mai rerawa ya ja numfashi a tsanake, amsa-amo yana sauƙaƙa hadda, har baitin ya zo wa mutum cikin dare ba tare da littafi ba.

Sai dai akwai ladubba uku. Na ɗaya, a zaɓi waƙen da yake faɗin gaskiyar damuwa, ya kuma mai da zuciya ga kyakkyawan zato ga Allah. Wanda ke cusa ɗebe tsammani a bar shi. Na biyu, a nemi ma'anarsa wurin malami, don baiti biyar da aka fahimta sun fi ɗari da aka haddace ba fahimta. Na uku, kada ya ture Alƙur'ani da salla da addu'a, kada kuma ya hana mara lafiya zuwa wurin likita.

Allah Ya yaye wa duk mai ƙunci ƙuncinsa, amin.