Amsoshin Tambayoyinku: Ƙwalamar Cakulan a Turmi, Ga Gidan da Ake Kiyaye Ci

Tambaya: Maigidana yana fama da ciwon suga, 'yarmu ta tsakiya kuma da zarar ta sha madara sai cikinta ya kumbura, ta yi ta zawo. Duk gidan muna son cakulan, amma na kanti ya gagare mu saboda su biyun. Ba ni da obin, wuta ma sai an ga dama ake kawo mana. Akwai wata ƙwalama ta cakulan da zan haɗa cikin sauri kowa ya ci? Wata ƙawata ta ce in na sa dabino maimakon sukari, maigida zai iya cin son ransa. Gaskiya ne? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba maigida lafiya, ya raya mana yaran. Akwai abin da kike nema, kuma turmi da taɓarya sun isa. Sai dai maganar ƙawarki rabinta ce gaskiya, zan kuma zo kanta, don ita ce ta fi muhimmanci a wasiƙarki.

Mu fara da abin da za ki sayo. Abin da ke hana mutanenki biyu cin cakulan na kanti shi ne sukari da madarar da aka cika masa. Shi kansa kokon da ake yin cakulan da shi, wanda ake nomawa a Ondo da Kuros Riba da Gana da Kwaddibuwa, ɗaci gare shi. Don haka ki je wurin masu sayar da kayan kek ki ce a ba ki garin koko zalla, wanda ba a haɗa shi da komai ba. Ki juya gwangwanin ko ledar ki karanta jerin abin da ke ciki. In kika ga wani abu bayan koko, ki ajiye. Na gaske baƙi-baƙi ne, in kika lasa sai kin yamutsa fuska. Babban cokali ɗaya nasa wajen giram 5 ne, kuma kusan babu sukari a ciki. Kada ki ɗauki Milo ko Bournvita a madadinsa. Waɗannan abin sha ne da aka riga aka haɗa da sukari da madara da tsiron sha'ir, ba su dace da maigida ba, ba su dace da yarinya ba.

In kin iya dakuwa, to kin iya wannan, don hanyar ɗaya ce. Ki samu dabino cikin kofi ɗaya bayan an cire ƙwallo, soyayyar gyada wadda aka murje aka fece ita ma kofi ɗaya, garin koko babban cokali 3, da gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka. Dabinon da muka fi samu a kasuwa busasshe ne mai tauri, sai ki yayyanka shi ki jiƙa a ruwan zafi kamar minti 20, ki tsane shi sosai, ki ajiye ruwan a gefe. Gyadar za ki fara dakawa, har ta soma naso tana kama jikin turmi. Sai ki zuba dabinon ki ci gaba da kirɓawa. Da farko za ki ga kamar ba za su haɗu ba, dabino na gefe gyada na gefe. Ki yi haƙuri, can za ki ji taɓarya tana maƙalewa, ki ga sun zama dunƙule ɗaya mai sheƙi. A nan ne za ki barbaɗa koko da gishiri, da ɗan garin citta ko kirfa in kina so, ki ƙara kirɓawa har launin ya daidaita. In ya yi bushi-bushi, ki ɗiga ruwan jiƙon dabinon kaɗan. Ki mulmula ƙanana kamar guda 20, ki birgima su a gurzajjiyar kwakwa ko soyayyen riɗi. Aikin duka bai kai awa ɗaya ba, har da jiƙon.

Kada ki raina gishirin nan. Shi ke kashe kaifin ɗacin koko, ya sa ki ji zaƙin ya isa ba tare da kin ƙara dabino ba. Ita kuma gyada ki tsince ta da kyau kafin suya. Duk wadda ta yi fumfuna, ko ta yamushe, ko ta canza launi, ki zubar, domin irinta ce ke ɗauke da gubar da ke lahanta hanta, kuma suya ba ta kashe ta.

Yanzu ga maganar ƙawarki. Dabino ya fi farin sukari, wannan babu ja. Yana da dusa mai rage saurin shigar zaƙi cikin jini, yana da sinadaran da farin sukari ba shi da su ko kaɗan, kuma maiƙon gyadar da aka haɗa shi da ita yana ƙara rage wannan saurin. Amma busasshen dabino kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne. Kofin nan ɗaya da na faɗa miki ya kai giram 150, wato akwai sukari wajen giram 100 a ciki. In kika raba gida 20, kowane curi yana ɗauke da giram 5, ya ɗan ɗara ƙaramin cokali ɗaya. Guda ɗaya bayan abinci abu ne da yawancin masu ciwon suga za su iya lissafawa cikin abincinsu na yini. Guda biyar a zama ɗaya kuwa ya haura ƙaramin cokali 6. Jini ba ya tambayar ko daga bishiya zaƙin ya fito. Zuma ma haka take. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2015, ta lissafa ta a sahu ɗaya da sukarin da ake zubawa a shayi.

Saboda haka ki ware wa maigida nasa tun a turmi: rabin dabinon, gyada yadda take, curi ƙanana. Ya ci bayan ya ci abinci, kada ya ci da yunwa. In yana da na'urar gwajin suga a gida, ya gwada awa 2 bayan ya ci, don jikin kowa da yadda yake karɓa. Abu ɗaya kuma da nake roƙonki kada ki tsallake: in likita ya taɓa ce masa ciwon ya taɓa ƙoda, to ya tambaye shi kafin ya fara, domin dabino da koko duka suna da sinadarin fotasiyam da yawa, wanda ƙoda mai rauni ke kasa fitarwa.

Ita yarinya sha'aninta da sauƙi. Alamun da kika faɗa sun yi kama da na wanda cikinsa ba ya narkar da sukarin madara, abin da ya zama ruwan dare a Afirka ta Yamma, kuma babu madara a wannan haɗin. Babu alkama ma, don haka in kika yi baƙon da aka hana shi alkama, zai ci. Wanda kuma jikinsa ba ya karɓar gyada, mai yin borin jini ko kumburin leɓe in ya ci, sai a yi masa da soyayyar aya a daka ta a tankaɗe, a turmin da gyada ba ta taɓa ba. Aya saiwa ce, ba dangin gyada ba ce. Ba ta da maiƙo kamar gyada, sai ki ƙara cokali ɗaya na man kwakwa don ta kama.

Akwai wani haɗin da na fi so wa maigida, in lokacin fiya ne. Ki samu nunanniya guda ɗaya, ki kwashe naman, ki sa garin koko babban cokali 2, jiƙaƙƙen dabino 3, ɗan gishiri da madarar kwakwa kaɗan, ki markaɗa a bilenda ko ki dame da cokali mai yatsu har ya yi sumul. Fiya kusan ba ta da sukari, kuma koko yana rufe ɗanɗanonta. Ya ishi mutum biyu. Wannan a ranar ake cinye shi.

Na turmin yana yin mako guda a firiji cikin mazubi mai murfi. Tunda wutarku ba tabbas, ki riƙa yin rabin awon, wanda za a cinye cikin kwana biyu, don dabinon da aka jiƙa ba ya jure zafi. Ki kuma ba yara da rana, saboda koko yana da ɗan abin nan mai hana barci irin na goro.

Ki gwada a ƙarshen makon nan, Hajiya, ki rubuto mana abin da na'urar maigida ta nuna. A gaida mutanen gida.