Filin Wasiƙunku: Me Ya Sa Kai Ke Ɗaurewa a Lokacin Matsi?

Wasiƙu uku muka zaɓo yau, dukkansu daga cikin badalar Kano.

Ta farko daga wani bawan Allah ce mai sayar da kayan fata a Kasuwar Kurmi. Ya ce: "Idan masu saye suka yi mini caa, wannan na taya jaka, wancan na jiran canji, sai gabana ya riƙa faɗuwa, tafin hannuna ya jiƙe, in ba mai ɗari biyar canjin dubu. Ko tsufa ne ya kawo jiki?"

To Alhaji, ba lallai tsufa ba ne. Idan mutum ya shiga matsi, wasu 'yan gaɓoɓi biyu da ke saman ƙoda sukan saki sinadarai cikin jini: adirenalin nan take, kotisol bayan 'yan mintoci. Bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya yi sama-sama, don jiki ya zaci gudu za a yi ko faɗa. Sashen ƙwaƙwalwar da ke bayan goshi, mai riƙe lissafi kafin ka kammala shi, shi ne yake fara sanyi. Saboda haka sallami mutum ɗaya kafin ka kula na biyu, kuma ka bar kuɗinsa a fili, kada ka jefa a aljihu sai ka miƙa canji.

Ta biyu daga Mandawari, wata ɗalibar Islamiyyar matan aure. Ta ce hadda takan zauna mata a gida, amma da ta gurfana gaban malam sai kanta ya ɗaure, alhali ƙawarta sai an zuba mata ido ma take ƙara ƙaimi.

Hajiya, mutane sun bambanta wajen inda suke kai hankali. Dubi mai ɗinkin hula: idonsa na kan bakin allura, ko an yi sallama bai ji ba. Dubi kuma mai adaidaita sahu a Ƙofar Wambai: yana kallon gaba, yana kallon madubi, kunnensa na wajen fasinja. Na farko taƙaitacciyar lura gare shi, na biyu mai faɗi, kuma matsi yakan ƙuntata lurar kowannensu. Akwai kuma wanda da tsoro ya zo sai hankalinsa ya koma ciki, yana sauraron bugun zuciyarsa, yana tunanin me za a ce idan ya yi tuntuɓe. Ina jin nan kike. Hankalin da ya kamata ya bi aya ya tafi gadin jiki. Tun 1908 wasu masana biyu a Amurka, Yerkes da Dodson, suka gwada ɓeraye, suka ga cewa matsi mai ƙarfi yana gaggauta koyon abu mai sauƙi, amma mai wuya matsakaici yake so. Ƙawarki ta maimaita har karatun ya zame mata mai sauƙi. Ke ma ki riƙa biya wa maigida ko yara kafin ranar biya wa malam, jiki ya saba da idon mutane. Kafin ki fara, ki ja numfashi, ki sake shi a hankali, fitarsa ta fi shigarsa tsawo.

Ta uku daga Yakasai: shin goro da shayi suna kaifafa tunani? Malam, suna korar gyangyaɗi saboda sinadarin kafin da ke cikinsu, amma mai faɗuwar gaba suna iya ƙara masa, kuma na dare yana cinye barci. Baligi na buƙatar barcin aƙalla awa 7.

Jan kunne ɗaya: idan faɗuwar gaban ta ɗauki makonni, ko mantuwa ta kai ga ɓata hanyar gida, a je Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, a auna hawan jini da sukari, a ga likita.

Lokaci ya yi mana halinsa. Ku ci gaba da aiko wasiƙunku, sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A huta lafiya.